Ɗalibin masta a rugga: abin da yake nema a cikin madararmu da abin da muke binsa

Duk wanda ya daɗe yana aikin lafiyar bisashe a karkara ya taɓa karɓar irin wannan baƙo. Saurayi ne ko budurwa, da jakar goyo, da akwatin sanyi, da tarin takardun tambayoyi, da wasiƙa daga jami'a. Zai ce shi ɗalibin masta ne, yana so a kai shi rugga ya ɗebi madara, ko jini, ko ya sayi cuku ya tafi da shi ɗakin bincike. Mu ma'aikatan kiwo mu ne muke goya shi a moto, mu ne muke yi masa tafinta, kuma mu ne muke saura da makiyaya bayan ya tafi. Shi ya sa darasin wannan karo ya tsaya kan su wane ne waɗannan ɗalibai, me binciken sarrafa abinci ya haɗa da lafiyar garke, da yadda za mu kama masu aikin ba tare da mun ɓata shi ko mun ɓata amanar da ke tsakaninmu da masu bisashe ba.

A taƙaice, jami'o'inmu suna bin tsari mai hawa uku: shekara 3 bayan bak a samu lisans, shekara 2 a kai a samu masta, sannan aƙalla shekara 3 a samu doktora. A shekarar ƙarshe ta masta ne ake ba ɗalibi tambaya guda ya je ya nemo amsarta, ya rubuta kundi wanda suke ce wa memwar, ya kare shi a gaban malamai. Mafi yawan masu zuwa wurinmu daga tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suke, inda ake da cibiyar CRESA da kuma cibiyar CERPP wadda aikinta nama da madara da fata da ƙirgi ne. Wasu daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da na Damagaram da Tawa. Akwai kuma masu karatun likitan dabbobi a makarantar EISMV ta Dakar, wadda take aiki tun 1968 kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta. Su ma sukan dawo gida su yi bincikensu. Samfurin da suka ɗiba yakan ƙare a ɗakin binciken jami'a, ko a LABOCEL, ko a INRAN.

Wani abokin aiki ya taɓa ce mini, mai karatun sarrafa abinci ai sai ya tafi masana'anta, me ya kawo shi bakin rijiya? Amsar ita ce, kusan duk abin da ke lalata madara a masana'anta daga jikin saniya ko daga ƙwaryar tatsa ya taso. Abubuwa uku ne na fi so mu riƙe, domin su ne ake yawan bincike a kansu, kuma dukansu aikinmu ne kafin su zama aikin kowa.

Na farko bakkale, cutar nan mai sa ɓari a ƙarshen ciki, ta maƙale mabiyiya, wani lokaci ta kumbura gwiwa. Ƙwayar cutar tana fita ta madara, kuma saniyar da ta yi ɓari sau ɗaya tana iya haihuwa lafiya daga baya alhali tana ci gaba da zubar da ita. Mutumin da ya sha ɗanyar madarar yakan kamu da masassara mai zuwa tana tafiya, da zufar dare, da ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa a yi ta ba shi maganin masassarar cizon sauro ba sauƙi. Tarin fuka na shanu ma ta wannan hanya yake bi.

To, nasiha mai sauƙi ita ce a tafasa madara. Mun sha faɗin haka a taron wayar da kai, ni ma na faɗa har muryata ta dishe. Ranar da na faɗa wa matan da ke yin cuku, wata dattijuwa ta yi dariya ta ce: "Yaro, ka taɓa yin cuku da tafasasshiyar madara?" Ban taɓa ba. Ta ce in je in gwada. Gaskiyarta ce. Cuku ana daskarar da shi ne da wani sinadari da ke cikin ɓangare na huɗu na cikin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan nono, kuma idan madara ta tafasa, zafin yana sauya furotin ɗinta ta yadda sinadarin ba ya kama ta sosai. Sai abin ya yi ruwa-ruwa, ya ƙi haɗuwa, ya ƙi shimfiɗuwa a kan tabarma. Matar da abincin gidanta ya dogara da cuku ba za ta bi nasihar da za ta kashe mata sana'a ba, kuma ni ban ga laifinta ba.

Masu ilimin sarrafa abinci suna da mafita tun da daɗewa: a ɗumama madara zuwa digiri 63 na zafi a riƙe ta a nan minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15 ga masu injin yin haka. Wannan zafi yana kashe ƙwayoyin bakkale da na tarin fuka, kuma madarar tana daskarewa bayan ta huce. Sai dai a littafi abu ne mai sauƙi, a rugga kuwa tambayoyi ne rututu. Yaya za a riƙe digiri 63 a kan murhun itace? Tukunya cikin tukunyar ruwan zafi za ta yi? Itace nawa zai ƙaru? Ɗanɗanon cukun zai sauya har mai saye a tasha ya ƙi shi? Ma'aunin zafi na jika nawa zai jure rayuwar daji? Waɗannan su ne tambayoyin da suka dace da kundin masta, domin ɗalibi ɗaya yana iya gwada su cikin wata huɗu ko shida tare da matan da kansu. A ganina kundi guda da ya amsa ɗaya daga cikinsu ya fi goma da suka sake gaya mana cewa akwai ƙwayoyin cuta a ɗanyar madara. Wannan mun riga mun sani. Kuma tunda kilishin Nijar ya samu rajistar asali a hukumar OAPI, ana kuma fatan cuku ya ratsa kasuwannin waje, tambayar tsabta za ta ƙara matsowa kusa da mu.

Na biyu saura magani. Idan aka yi wa saniya allurar oksitetrasiklin, wadda muke ce wa oksi, ko penisilin, wani kaso yana fita ta madara na wasu kwanaki. Kowace kwalba ta kirki an rubuta a jikinta kwana nawa za a jira kafin a sha madara, da kwana nawa kafin a yanka. Na nama ya fi tsawo, musamman ga allura mai daɗewa a jiki. Tafasawa ba ta kawar da shi duka. Mai yin yawur shi ne yake fara ganewa, domin maganin yana kashe ƙwayoyin da ke sa madara ta yi tsami ta kama, sai a wayi gari tukunya guda ta ƙi kwana saboda litar mutum ɗaya. Illar da ta fi wannan ba a ganinta da ido: ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani kaɗan-kaɗan har ranar da za a ba yaro shi a asibiti ya ƙi ci. A nan sai mu duba kanmu. Sau nawa muka yi allura muka hau moto ba tare da mun ce wa mai saniya kada a kai madararta kasuwa ba? Ɗalibin da ya sami saura magani a kasuwar garinku, aikinmu ne yake aunawa.

Na uku gubar funfuna, wadda masana ke kira aflatoksin. Tana fitowa a tunkuza da angurya da masara da dusar da suka sha laima a ajiya. Saniya ta ci, hantarta ta juya gubar zuwa wani nau'i da ake kira M1, ya fito a madara cikin kwana guda, kuma idan an daina ba ta abincin yana raguwa cikin ƴan kwanaki. Wuta ba ta kashe shi. Iyakar da hukumar Codex ta sa ita ce mikrogaram 0.5 a kilo guda na madara, ƙasashen Turai kuma suka sa 0.05. Masu kiwon madara a kewayen Yamai da Maraɗi, waɗanda suke dogara da abincin saye a lokacin rani, su abin ya fi shafa. Buhun da ya dunƙule, ya sauya launi, yake warin ruma, kada a ce bari a ba bisashe tunda mutum ba zai ci ba.

Tunda an zo maganar ajiya, ga misalin binciken da ya iso ƙauye da ƙafarsa. Buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, aka shiga yaɗa shi daga 2007, kuma masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi a nan gida. Dabarar ba ta wuce hana iska shiga ba, ƙwarin wake su rasa abin shaƙa su mutu ba tare da an zuba magani ba. Yau manomi yana sayensa a kasuwa ko bai san sunan jami'ar ba. Irin abin da muke so a samar wa madara ke nan.

Inda hannunmu yake shiga

Sakamakon bincike ba ya fin samfurin da aka kai kyau, kuma samfuri a hannunmu yake lalacewa ko ya tsira. Ni na koyi wannan da tsada. Shekarun baya na raka wata ɗaliba garke-garke kwana uku cikin watan Afrilu. Ƙanƙararmu ta narke tun azahar ta rana ta farko, na ce ba kome, ruwan ai da sauran sanyi. Da aka kai Yamai aka shuka madarar, ƙwayoyi suka rufe faranti har ba a iya ƙirga su. Ba a san wanne ne daga hantsa ba, wanne ne ya hayayyafa a hanya. Kuɗin man da malaminta ya samo mata sun ƙare, dole ta rage tambayarta zuwa rabi. Laifina ne, domin ni ne na san hanyar da zafinta.

Saboda haka kafin ku fita, ku lissafa tafiyar daga ƙarshe zuwa farko. Madarar da za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinta tana son sanyin digiri 4, kuma ta isa ɗakin bincike cikin awa 24. In hakan ba zai yiwu ba, a tambayi ɗakin binciken tun farko ko gwajin da za su yi ya yarda a daskarar da samfurin. Neman saura magani ya yarda da haka, ƙirgar ƙwayoyin jiki masu nuna ciwon hantsa kuwa daskarewa na ɓata ta. Ku san garin da za ku sake ƙanƙara, ku san ranar da mota ke tashi. Akwatin sanyi a inuwa yake zama, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kuma ba wurin ajiye ruwan sha ba ne da za a yi ta buɗewa.

Wajen ɗiba, a wanke hannu, a share kan nono da auduga mai alkol, a zubar da tatsar farko sau biyu ko uku a wani mazubi daban, sannan a karkata ƴar kwalbar a tatsa a ciki ba tare da bakinta ya taɓa fata ba. Kada a cika ta maƙil. A rubuta lamba a jikin kwalbar da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, ba a murfi kaɗai ba, domin murfi yana musanyuwa. Lambar nan ita za a rubuta a littafi tare da kwanan wata, da sunan saniyar yadda mai ita yake kiranta, da haihuwarta nawa, da ko ta taɓa ɓari, da maganin da aka yi mata a makonnin baya. Sunan saniyar yana da amfani ƙwarai: ranar da sakamako ya dawo, lamba 47 ba ta nufin kome ga makiyayi, amma yana jin sunan ya san wadda ake nufi.

Jini kuma, idan na gwajin bakkale ne, a kwalba marar sinadari ake ɗibarsa, a jingine ta a karkace a inuwa har ya daskare ruwan jinin ya ware. In aka girgiza shi a kan moto kafin ya kama, ko aka ɗora shi kai tsaye a kan ƙanƙara, jajayen ƙwayoyin suna fashewa, ruwan ya yi ja, karatun ya yi wuya. Gwajin Rose Bengal kansa ba shi da wahala: ɗigon ruwan jini da ɗigon sinadarin daidai wa daida a kan farin faranti, a gauraya, a jujjuya minti 4, in ya yi gudaji-gudaji to akwai alama. Amma gwajin tacewa ne. Dabbar da ta nuna alama sai an tabbatar da wani gwajin, irin su ELISA, kuma wadda aka taɓa yi wa rigakafin bakkale tana iya nunawa alhali lafiyarta lau. Kada ɗalibi ko mu mu tsaya a gaban jama'a mu ce saniyar wane tana da cuta a kan wannan gwaji kaɗai. Magana ɗaya irin wannan tana iya hana mace sayar da nono a kasuwa har shekara. Kuma duk mai taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya ya sa safar hannu, domin ta nan cutar ta fi kama mu ma'aikata.

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da ya kamata mu roƙi ɗalibi ya bar mana iliminsu kafin ya tafi, in ba mu iya ba. Gwajin CMT na ciwon hantsa da ba ya nunawa a ido: faranti mai gurbi huɗu, kowane kan nono da gurbinsa, madara kamar mililita 2 da sinadari daidai ita, in ta yi yauƙi kamar kuɓewa to akwai kumburi a ciki. Gwajin alkol mai ƙarfin 68 zuwa 70 cikin ɗari, wanda ke nuna madarar da ta fara tsami. Da ma'aunin kaurin madara da ake amfani da shi a cibiyoyin tara madara irin na Hamdallaye da Kollo, wanda madarar shanu ta ƙwarai ke nuna wajen 28 zuwa 33 a kansa. Wannan na ƙarshe yana da tarko. An daidaita shi ne a kan zafin digiri 15 ko 20, madara mai ɗumi kuwa tana nuna ƙasa da gaskiyarta, kusan 0.2 a kowane digiri. In ba a gyara lissafin ba sai a zargi mace da zuba ruwa alhali ba ta zuba ba.

Sai batun zaɓen dabba, wanda ya fi duk waɗannan wuyar fahimtarwa. Ka ce wa makiyayi kana son shanu biyar, ko dai ya kawo maka waɗanda ya fi alfahari da su, ko ya kawo marasa lafiya don yana fatan magani kyauta. Duka biyun suna karkatar da sakamako. Ɗalibi yana bukatar a zaɓa kamar ƙuri'a, misali kowace saniya ta uku da ta zo wurin tatsa. Mu ne za mu yi bayanin dalili cikin harshen da za a gane, sannan mu duba marasa lafiyar daban, domin ba daidai ba ne a juya masu baya. Haka tambayar "shanunka nawa ne?" da ke saman kusan kowace takarda. Da ɗan gari kan ci gari. Ku gaya wa baƙonku tun a hanya cewa ba a buɗe hira da ita, ga kunya ga kuma tsohon tsoron jangali. A fara da maganar ruwa da ciyawa, a tambayi nawa ake tatsa yanzu, sauran lissafin zai fito a hankali. Ku kuma tuna masa ya rubuta lokacin da ya yi aikin. Mafi yawansu da rani suke zuwa, lokacin da hanya ke biyuwa, alhali da damina garken yana arewa, madara ta yawaita, matsalolinta kuma sun sauya.

Kafin a taɓa dabba ko ɗaya, mai ita yana da haƙƙin ya san wa ya aiko, me za a nema, me za a yi da sunansa, kuma yana da ikon ya ce a'a. Madara kuwa a wurare da yawa ta mata ce, don haka izinin maigida kaɗai bai isa ba, kuma abin da aka ɗiba da yawa a biya kuɗinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakamakon da ba ya dawowa. Akwai mashekarin da na kai ɗalibai uku cikin shekara huɗu, daga makarantu daban-daban. Na huɗun da na kawo, ardon ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo nono, sannan ya ce mini: "Malam, jinin da kuka ɗiba bara da bara waccan, me ya ce?" Ban da amsa. Ranar ba mu ɗebi kome ba, kuma da kamfen ɗin rigakafi ya zo sai da na yi sawu biyu kafin su fito da awaki. Tun daga nan nake kafa sharaɗi kafin in tada moto. Ɗalibi ya ba ni lambarsa da ta malamin da ke kula da aikinsa. Ya yarda zai aiko mini da sakamakon kowace dabba da lambarta da zarar ya fito, ba sai ya kare kundi ba. Ya kuma rubuta shafi ɗaya da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, ko ya yi saƙon murya na minti biyar a WhatsApp wanda zan kunna a rugga. Kundi mai shafi tamanin da Faransanci a kan kanta a Yamai ba ya hana ɓari a Dakoro. Yawancin ɗaliban suna karɓar sharaɗin da murna. Ba mugunta ke hana su ba, kuɗin mota ne da gaggawar neman aiki.

Mu ma muna da abin bayarwa da ya wuce rakiya. Malaman jami'a kullum suna neman tambayoyin da za su ba ɗalibai, mu kuwa tambayoyi ne cike da littattafanmu. Me ya sa awaki ke ɓari a wannan kwari kowane sanyi? Kwana nawa kindirmo ke yi a ƙwarya, kwana nawa a roba? Cukun da aka shanya a kan rumfa mai raga ya fi na tabarma tsabta da nisa, ko kuwa bambancin bai kai kuɗin ragar ba? Ku rubuta su a taƙaice, da wuri da lokaci da abin da kuka gani da idonku, ku ba duk ɗalibin da ya zo ya kai wa malaminsa. Ga masu difloma irin tawa da ke tunanin komawa aji su yi lisans har masta, littafin nan na aiki, in an riƙe shi da kwanan wata da lambobi na gaskiya shekara biyu ko uku, shi ne abu na farko da za ku ɗora a kan teburin malamin da kuke so ya karɓe ku.

Ɗalibar nan da ƙanƙararta ta narke ta dawo bayan wata bakwai da takarda mai shafi biyu. Cikin shanun da muka gwada a garke guda, ta nuna wa mai su uku masu ciwon hantsa a ɓoye, da sunayensu. Muka sa aka riƙa tatsarsu a ƙarshe, ana wanke hannu kafin a koma kan wata, muka yi wa biyu magani aka zubar da madararsu har kwanakin jira suka cika. Ta ukun tsohuwa ce, kan nononta ɗaya ya riga ya mutu, mai ita ya ce zai kai ta kasuwa bayan damina.